Kafin Ka Sa Mesa a Akwati, Ka Dubi Ramin Gafiya

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin mulkin Audu Bako, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta daina jiran damina kafin ta yi kore. Magudanan da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da su suna kai ruwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir, rani da damina. Inda hatsi ya yawaita ɓera ba ya nisa, inda kuwa ɓera ya yi sansani maciji na nan tafe. Shi ya sa manomin wannan yanki ya san maciji farin sani, kuma da sanda suke gaisawa. Sai ga shi yanzu wayar hannu ta zo da wani sabon salo. A TikTok da YouTube ana ganin yara a Amurka da Ingila sun rataya wata 'yar mesa a wuya, tana da akwatinta na gilashi a falo, har suna an raɗa mata. Asalin wannan mesa kuwa daga nan Afirka ta Yamma ne. Duk matashin da abin ya burge shi har ya fara tunanin kiwonta, ya riƙe magana ɗaya: gidan da ya dace da ita shi ne wanda ya kwaikwayi ramin da take wuni a ciki a daji, kuma a yanayi irin na Kano samar da wannan gida ya fi ƙarfin abin da bidiyo ke nunawa.

Masana kimiyya suna kiranta Python regius, kuma dabam take da babbar mesar da kan iya kai mita 5 ta haɗiye akuya. Ita wannan tsawonta kan tsaya tsakanin mita 1 da mita 1 da rabi. Ba ta da dafi, matse abincinta take yi har ya mutu. Idan ta tsorata sai ta dunƙule wuri ɗaya, ta cusa kanta can tsakiya, ta yi lamo har abin da take tsoro ya wuce. Ana samunta daga Senegal har Uganda, a Najeriya kuma ta fi yawa a kudu da tsakiyar ƙasa. A garin Ouidah na Jamhuriyar Benin akwai gidan bauta da aka keɓe mata, a yankin Idemili na jihar Anambra kuwa kashe mesa babban abin ƙi ne. Sanyin halinta ne ya jawo mata kasuwa: daga 1975 zuwa yau an fitar da sama da miliyan 3 daga Afirka ta Yamma, mafi yawa ta Togo da Benin da Ghana. Tana kuma da tsawon rai. A hannun mai kula takan yi shekara 20 zuwa 30, har ma a 2020 wata da aka ƙiyasta shekarunta 62 ta yi ƙwai a gidan namun daji na St. Louis a Amurka. Wanda ya ɗauke ta yana saurayi, tana iya ganin ranar da zai aurar da 'yarsa.

A daji, wuninta a ƙarƙashin ƙasa take yi, cikin ramin gafiya ko tsohon suri da gara ta bari, sai dare ya yi ta fito farauta. Dalilin haka a jikinta yake. Maciji ba ya samar wa kansa ɗumi kamar ɗan Adam ko tunkiya. Idan yana son ɗumi sai ya matsa inda ɗumi yake, idan ya yi masa yawa ya ja da baya. Ko narkar da abinci ba ya iyawa sai da ɗumin da ya isa. Rami yana ba ta abu huɗu a lokaci guda: duhu, matsatsin da take jin bango a jikinta ta kowane ɓangare, danshi, da zafin da ba ya hauhawa da rana ya faɗi warwas da asuba. Amma kada a ɗauka tunda rami take so, ɗan ƙaramin akwati ya wadatar. Wani bincike da aka yi a Jamus, aka buga a 2021, ya gwada mesa 35 a ƙuntatattun aljihunan roba da kuma a faffaɗan gida mai rassa da wurin wanka, aka ga a faffaɗan gida suna miƙewa, suna hawa, suna shiga ruwa, a ƙuntataccen kuwa suna ta goga baki a bango. Tun a 1998 ma binciken Luiselli da Angelici a kudu maso gabashin Najeriya ya nuna mazan suna cin tsuntsaye da yawa, alamar cewa suna hawa bishiya. Saboda haka tana buƙatar maɓuya mai matsi a cikin fili mai faɗi.

Ga yadda za a faɗa wa kafinta. Akwatin wadda ta gama girma ya kai aƙalla santimita 120 a tsawo, 60 a faɗi, 60 a tsaye, yadda za ta iya miƙewa sosai. Katako ya fi gilashi, domin yana tare zafi kuma yana ba ta duhu. Gilashi ya tsaya a ƙofar gaba kawai. A huda ƙananan kafofin iska a gefe biyu, a rufe su da ragar ƙarfe daga waje, a kuma sa sakata da kwaɗo, don mesa na da ƙarfin ture murfin da aka ɗora wa dutse, kuma duk kafar da kanta ya shiga jikinta zai bi. A ƙasan akwatin a shimfiɗa ƙasa mai tsabta wadda taki da maganin feshi ba su taɓa ba, a gauraya da busasshen ganye ko ɓawon kwakwa, kaurinta ya kai faɗin tafin hannu. Buntun shinkafa da ke jibge a bakin injinan Kura araha ne, amma ƙura gare shi kuma yana saurin yin fumfuna idan ya jiƙe, don haka a bar shi. Maɓuya biyu ake so, ɗaya a kowane ƙarshe. Tukunyar ƙasa da aka kife, aka fasa mata ƙofa a gefe, aka goge kaifin da dutse, ta fi duk wata roba da za a sayo daga waje. Girmanta ya zama daidai yadda idan mesar ta naɗe a ciki bayanta na taɓa bango. A ƙara da kasko mai nauyi na ruwa wanda ba za ta iya kifarwa ba, da reshe mai kauri da aka kafa da kyau.

Wani zai ce, dabbar Afirka a Afirka, me zai sa a yi ta lissafin zafi da sanyi? Ai Turawa ne ke fama da wannan saboda ƙanƙara. Amsar ita ce yanayin ɗaki a Bunkure ba shi ne yanayin cikin rami ba. Abin da mesar ke so shi ne ɓangare ɗaya na gidanta ya kai digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya ɓangaren ya tsaya 24 zuwa 27, danshin iska kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Mesar daji sai ta ƙara nutsawa cikin ƙasa; ta akwati ba ta da wurin gudu, kuma awoyi kaɗan a irin wannan zafi sun isa su kashe ta. Da hunturu kuma abin ya juye. A Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20. A lokacin saɓa ake ganin illar. Lafiyayyar mesa idonta kan yi fari-fari na 'yan kwanaki, ya washe, sannan ta goga baki a reshe ta zare tsohuwar fatar gaba ɗaya daga kai har wutsiya. Wadda iska ta busar kuwa saɓarta gutsi-gutsi take fita, wani yanki ya manne a kan ido ya hana ta gani, wani ya ɗaure ƙarshen wutsiya har jini ya daina kaiwa. Idan sanyi ya haɗu da wannan, sai ka ji tana numfashi da ƙara, baki a buɗe, majina na kumfa.

Shawarar da ke intanet, wadda kusan duk a kan fitilun ɗumama take, an rubuta ta ne don ƙasashen sanyi. A nan sai an yi mata gyara. Da bazara a ajiye akwatin a ƙasa, a ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidan, ginin ƙasa in da hali, nesa da taga. A riƙa yayyafa wa tukunyar da ke ɓangaren sanyi ruwa daga waje. Yadda randa ke sanyaya ruwan sha, haka jiƙaƙƙiyar tukunya ke sanyaya cikinta. Da hunturu a jiƙa kusurwa ɗaya ta shimfiɗar, a bar sauran a bushe, domin kwana kan jiƙaƙƙiyar ƙasa na ruɓar da fatar cikinta. Ɗumama kuma dole ta kasance da na'urar da ke kashe kanta idan zafi ya kai, a kuma kange ta yadda mesar ba za ta naɗe ta ba, don maciji kan ƙone bai motsa ba. Tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, sai an tanadi sola, ko aƙalla gorar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma a jingine a bayan akwati. Kaskon gawayi kada ya kusanci ɗakin. Duk wannan kuma ba a yin sa da ƙiyasi: ma'aunin zafi biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, da ma'aunin danshi, su ne idon mai kiwo.

Abinci ma yana da tarkonsa. A yankin da ɓera ya yi yawa, mutum zai ga kamar ya samu abincin mesa kyauta. Sai dai ɓeran rumbu da na gona sau da yawa ya riga ya ci shinkafar ɓera, gubar kuma za ta bi shi cikin mesar. Sannan irin ɓeran da ke yawo tsakanin gida da gona shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, don haka kama shi da hannu kasada ce ga mai gida da iyalinsa. Mafita ita ce a kiwata ɓeraye masu tsabta dabam, wato kiwo biyu ke nan. A ba wadda ta gama girma ɓera ɗaya duk kwana 10 zuwa 14, wanda kaurinsa bai wuce kaurin tsakiyar jikinta ba, kuma matacce, domin rayayyen ɓera da aka bari da mesar da ba ta jin yunwa yakan gwaguye mata baya. Takan yi makonni, har watanni, tana ƙin ci, musamman wadda aka kamo daga daji. Bayan an taɓa ta ko an share gidanta a wanke hannu da sabulu, saboda macizai na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, wadda ta fi yi wa ƙananan yara illa.

Akwai kuma mai cewa gardawa sun gaji wasa da maciji kaka da kakanni, a buhu da ɗan akwati suke yawo da shi kasuwa-kasuwa, ba ma'auni ba komai. Sanin gardi na kama maciji da karantar halinsa ba abin rainawa ba ne. Amma shi neman abinci yake da macijin, idan wannan ya mutu daji na nan. Mai kiwo kuwa amanar shekara 20 ya ɗauka. Maciji ba ya kuka, ba ya ramewa da wuri, yana iya yin watanni yana mutuwa a hankali mai shi na cewa lafiyarsa ƙalau. Daɗewarsa da rai a buhu shaida ce ta juriyarsa kawai.

Saura maganar da ta fi nauyi a ƙasar Hausa. Akwai hadisan da suka yi umarni da kashe maciji, kuma malamai da yawa ba sa ganin halaccin kiwonsa, don haka mai niyya ya fara da tambayar malaminsa. Ko wanda ya samu sassauci, hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha yana kansa. Ga haƙƙin maƙwabta: a gidan haya ko gidan gandu, mesar da ta kuɓuce cikin dare fitina ce ko da ba ta da dafi. Ga doka: cinikin wannan mesa tsakanin ƙasashe na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, Najeriya kuma ta kafa doka a 1985 kan fataucin namun dajin da ke fuskantar barazana, wadda aka yi wa gyara a 2016. Mafi haɗari duka shi ne mutum ya ce zai kamo da kansa. Kasa ma gajera ce mai kauri da zane a baya, ita ma ba ta saurin gudu, dafinta kuwa na kisa. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ba ya rabuwa da manoma da makiyayan da kububuwa ta sara, yawancinsu ma ba su je neman maciji ba.

Wanda ya auna duk wannan ya ga yana da ɗaki mai sanyi, da sola, da wurin kiwon ɓera, da yardar mutanen gida, da likitan dabbobin da zai duba masa, to ya nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannu, ya kammala akwatin, ya yi mako biyu yana duba ma'aunansa safe da rana da tsakar dare kafin ya kawo ta. Wanda abu ɗaya daga ciki ya gagare shi, ya haƙura. Idan kallo yake so, Gidan Zoo na Audu Bako na nan a birnin Kano. Mesar da aka bari a daji tana rage wa manomi ɓeran da ke cin wahalarsa, kuma ba ta neman komai daga gare shi sai ya ɗaga mata ƙafa.