Mangwaro a tsakar gida: inuwa kaɗai, ko inuwa da ɗiya?

Da zarar bazara ta kama, daga watan Afirilu zuwa Yuni, babu kasuwar da ba a jin ƙamshin mangwaro cikinta, daga kasuwar Dole ta Damagaram har Katako ta Yamai. Sai dai kaso mai yawa na wannan mangwaro baƙo ne. Motoci ke ɗauko shi daga Najeriya da Burkina Faso da Benin, a haɗa da ɗan abin da garaken Gaya da Miriya da Gulbin Maraɗi suka bayar. Magidanci ya saye shi da tsada a farkon fitowarsa, ya saye shi da araha in ya fara ruɓewa, alhali kuwa a tsakar gidansa akwai filin da dogon yaro ya mamaye shekara da shekaru ba ya ba shi kome sai inuwa da shara.

Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar, kuma taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi cikin watan Mayu na 1984 ya ƙara ma wannan al'ada ƙarfi. An dasa itatuwa ba adadi. Amma cikin gidaje, mangwaro shi ne iccen da aka fi sha'awa, kuma shi ne wanda aka fi yin asararsa. Wani akuya ta cinye shi tun yana da ganye huɗu, wani gara ta kayar da shi a bazarar farko, wani kuma ya rayu ya girma, ya sha ruwan pampo na shekara bakwai, sa'an nan ya haifi ɗiya mai tsami da zare wadda yara ma sai sun rasa abin yi suke tsotsa. Wannan asara ta ƙarshe ta fi ciwo, domin ba kuɗi kaɗai ta ci ba, har da shekaru.

Mangwaro ba ɗan ƙasa ba ne. Asalinsa daga yankin Indiya da Bama yake, inda aka yi shekaru dubbai ana noma shi. A Afirka ta Yamma an fara ambatonsa a Senegal cikin 1824, bai kuwa bazu sosai ba sai ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Irin da ake kira Amélie, wanda masu garka da yawa suka fi sani da sunan Gouverneur, an shigo da shi Mali wajen 1890, daga nan rassansa suka yaɗu cikin ƙasashen maƙwabta. Manyan nan masu jan kunci, Kent da Keitt da Smith da Haden, daga Fulorida ta Amurka suka fito, aka tara su a tashar bincike ta Fulaya a Gine daga ƙarshen shekarun 1940, kafin su iso bakin Sahel. Icce ne da ya saba da ruwan sama mai yawa. Gaya, mai samun wajen milimetir 800 a shekara, tana kusa da abin da yake so. Maraɗi da ke wajen 500, da Damagaram da Tawa da ba su kai haka ba, sai da ban ruwa, ko kuma inda ruwan ƙasa yake kusa kamar fadamun Korama da gulabe. Duk wanda zai dasa shi a unguwar da ake kwana layin pampo, ya fara da wannan lissafi tukuna.

Ƙwallo ko aure

Nan ne mafi yawan magidanta ke yin kuskure. Mutum ya sha Kent mai zaƙi kamar zuma, ya ce wannan ƙwallo ba na yarwa ba ne, ya binne shi bayan ɗaki. Ƙwallon zai tsira, amma abin da zai haifa ba Kent ba ne. Dalili shi ne ƙwallon waɗannan manyan iri ɗa guda ke cikinsa, wanda ya gaji uwa ya kuma gaji uban da ƙwari suka ɗauko garin furensa daga wani icce da ba wanda ya san shi. Caca ce, kuma ba a cika cin ta ba. Ƙaramin mangwaron gargajiya mai zare shi ne ƙwallonsa ke fid da tsiro da yawa, mafi yawansu kuwa kamar uwarsu sak. Shi ya sa ɗan gargajiya ba ya ɓata iri, amma kuma ba ya wuce matsayinsa.

Maganin wannan shi ne aure, abin da masu garka ke ce ma girefe. Ana shuka ƙwallon ɗan gargajiya domin saiwarsa mai jure fari, in tsiron ya kai kaurin alƙalami, bayan wata 6 zuwa shekara, sai a yanko kan reshe daga iccen da aka riga aka ɗanɗana ɗiyansa, a fere shi, a fere gefen tsiron, a haɗa ɓawo da ɓawo, a ɗaure da tsinken leda tam yadda iska da ruwa ba za su shiga ba. Cikin mako 2 ko 3 za a ga ko ya kama. Damana ce lokacinsa. Auren da aka ɗaura cikin zafin Afirilu ko iskar hunturu ba ya daɗewa. Ƙwallon kansa ba ya son jira: in ya yi ƴan makonni a rana ya mutu, kuma ya fi saurin tsira in an fasa kwanson an fid da ƙwayar.

Ribar a fili take. Wanda aka shuka da ƙwallo yakan kai shekara 6 zuwa 8 kafin ya haihu, mai aure kuwa shekara 3 ko 4, kuma ba ya yin tsawon da zai gagari tsani. Wanda bai iya aikin ba, sai ya nufi wurin renon itatuwa na gidan gona, ko na masu zaman kansu da ke bakin hanyoyi da gulabe. A nan ma sai da ido. A nemi tabon auren a jikin kara, a tambayi sunan irin, a duba ko saiwa ba ta huda leda ta kama ƙasa ba. Akwai masu sayar da ɗan gargajiya a farashin mai aure, sun san sai bayan shekaru za a gane, lokacin da su kansu sun daɗe da sake wurin zama.

Zaɓen iri kuma ya danganta da gida. Gouverneur yana nuna da wuri, bayansa kore ne amma cikinsa ja-ja mai ƙamshi, ba zare. Kent ya fi shi girma da nauyi, yana zuwa tsakiyar lokaci. Keitt na ƙarshe ne, yana kaiwa har cikin damana, abin da ke da daɗi ga aljihu amma yake haɗa shi da ƙuda, kamar yadda za a gani.

Rami, da abin da ke biyo bayansa

Ramin da ya dace shi ne mai metir ɗaya faɗi da zurfi, ko kusa da haka, a gina shi tun kafin ruwa ya sauka, a cuɗa ƙasar sama da taki ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin shanu da ragowar kara gayyatar gara ne. A nisanta shi da katanga da ramin salanga da kamar metir 5 ko 6. Iccen da yau bai kai gwiwa ba, shi ne gobe zai tsaga garu ya jawo shari'a da maƙwabci. A dasa a farkon damana, da maraice, tabon auren yana saman ƙasa da kamar tafin hannu. Duk tsiron da ya fito ƙarƙashin tabon a cire shi nan take, domin na gargajiya ne, in aka bar shi zai danne baƙon ya kashe shi, mai gida na can yana murna iccensa ya yi ƙarfi.

Sai shinge. Jar akuyar Maraɗi abin alfahari ce a kasuwar fata, amma ga jaririn mangwaro ba ta da imani. Zana ko ƙaya ko tubali, kome aka samu. Zanar ma tana tare masa iskar hunturu da ranar bazara a shekarar farko.

A shekaru biyun farko ruwa bai kamata ya yanke ba: bokiti ɗaya ko biyu bayan kowane kwana biyu ko uku da rani, a zuba cikin kwarin da aka kewaya nesa kaɗan da gindi, a rufe da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa karan ba. Tsohuwar dabarar binne tulu kusa da saiwa, a riƙa cika shi yana tsatsafowa a hankali, tana rage ɓarnar ruwa ƙwarai. Ruwan alwala da na ɗauraye hatsi ba laifi. Ruwan wanki mai omo da ruwan rijiya mai kanwa kuwa guba ne a hankali, domin mangwaro ba ya shiri da gishiri. Alamarsa ita ce bakin ganye ya ƙone kamar an gitta masa wuta. Furen da ya fito a shekarar farko da ta biyu a tsinke shi, kome zafin rai. In tsawo ya kai metir ɗaya, a datse kan domin ya yi rassa uku ko huɗu.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne babban icce yana buƙatar ƙishirwa kafin ya yi fure. Bushewar ƙasa bayan damana da sanyin Disamba da Janairu su ke sa shi fid da fure maimakon sabon ganye. Matar gida mai tausayi da ke kwarara masa ruwa kullum, da mai gidan da ke ɗura masa takin zamani na ure, su ne sukan wayi gari da icce kore shar ba ɗa ko guda. A janye ruwa kamar wata biyu kafin lokacin fure, a mayar da shi in ɗiya sun ɗaura, domin a sa'an nan ƙishirwa zubar da su take yi. Daga fure zuwa nuna wata 4 ne zuwa 5.

Masu haya da masu tsakar gida ta siminti

A Yamai da Maraɗi mutane da yawa ba su da ikon gina rami, ko don gidan ba nasu ba ne, ko don an shafe filin da siminti. Mangwaro yana rayuwa cikin tano mai litir 200 da aka yanke, ko babbar randa, muddin an huda gindin an kuma ɗora shi bisa duwatsu don ruwa ya wuce. Dole ya zama mai aure, kuma daga irin da ba ya girma da yawa, kamar Julie ko Irwin. A haɗa rairayi da ƙasar gona da ruɓaɓɓen taki, a ajiye shi inda rana ke samunsa mafi yawan yini. Tanon ƙarfe a watan Afirilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tukunya ce bisa murhu: a naɗe shi da zana ko buhu, ko a shafa masa farar ƙasa. Ruwa kusan kullum da bazara, aski bayan kowace haihuwa don kada ya wuce metir biyu, a kuma sake ƙasar sama kowace shekara. Kada mai tano ya sa ran cika kwando. Ƴan ɗiya ne da za a iya ƙirgawa, amma ranar da mai gida ya ba da takardar tashi, iccen zai hau kura tare da gado da tukwane.

Tun wajen 2004 wani baƙon ƙuda daga Asiya, wanda masana ke kira Bactrocera dorsalis, ya shigo Afirka ta Yamma ya ƙara ma masu mangwaro ciwon kai. Macen tana huda fatar ɗa ta saka ƙwai, a yanka a tarar da tsutsa. Yawansa yana ƙaruwa da saukar ruwan farko, shi ya sa irin da ke nuna a makare ya fi shan wahala. A gida ba sai an kai ga feshi ba, balle inda yara ke wasa ƙarƙashin iccen. A tsince duk ɗan da ya faɗo kowace safiya, a ƙulle cikin baƙar leda a bar shi a rana kwana biyu ko uku, ko a binne shi da zurfi, domin a cikin ƙasa tsutsar ke rikiɗa ta zama ƙuda. Mai icce guda yana ma iya sa ma kowane ɗa rigar takarda tun yana ɗanye.

Saura tsinka. Mangwaron da aka cire bai ƙosa ba, ko an rufe shi da karbir na masu walda kamar yadda wasu ƴan kasuwa ke yi, launi kawai zai sake, zaƙin ba zai zo ba, tun da garin da zai juye ya zama sukari bai gama taruwa cikinsa ba. Ƙosasshe ana gane shi da kafaɗunsa da suka cika suka taso kewaye da mariƙi, in kuma aka yanka guda za a ga naman ya fara rawaya kusa da ƙwallo. A yanke shi da ɗan guntun mariƙi, a kifa shi don ruwan da ke fita kada ya ƙona fatarsa ko hannun yaro, a shimfiɗa a inuwa. Cikin mako guda zai yi laushi. Jan naman nan yana ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo ma yara dundumi, kuma yana zuwa ne daidai lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa, ganyen miya ya yi wuya. Abin da ya wuce cin gida, a yanyanka shi sirara a shanya bisa tabarma mai tsabta ƙarƙashin mayafi marar kauri. Ranar Mayu takan busar da shi cikin kwana biyu ko uku, ya kuma ajiyu har tsakiyar damana.