Daga Kitsen Oko-Oba Zuwa Sandar Sabulu

Mayankar Oko-Oba da ke Agege ba nama kaɗai take fitarwa ba. Da mahauta sun gama fiɗa, sai masu bin kitse su tattara shi, su narka a rabin ganga har datti ya kwanta, mai ya taso sama. Wannan man, da manja da man alayyadi, su ne tushen sabulu.

Aikin na mai haƙuri ne. Ana jiƙa soda a ruwa a bar ta ta huce, sannan a zuba ta cikin mai a hankali, ana juyawa ba tsayawa har haɗin ya yi kauri kamar kunu. A juye a akwatin katako, ya daskare, a yanka, a shanya na makonni. A wurin awo gwani yake bambanta da ɗan koyo. Soda ta yi kaɗan, sabulu ya yi laushi ya fara wari. Ta yi yawa, ya ci hannun mai wanki har fata ta tsattsage, kuma da shi ake yi wa yara wanka.

Shi ya sa ba na ganin laifin hukuma da ta sa ido. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke kula da sabulu da sinadaran haɗa shi. Mai shigo da soda ma sai da izininta. Mai son lambarta zai fara da rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, jami'ai su zo su duba wurin aiki, a gwada samfur a ɗakin gwaji irin na Oshodi. Jikin kwali kuma dole a ga adireshi da ranar haɗi. Bayan shekara 5 a sabunta.

Inda abin ke ciwo shi ne ɗaki. Ana son wurin haɗi daban da wurin kwana, da ruwa mai tsabta, a garin da kuɗin haya ke karya ƙugu. Babban kamfani irin Lever da ya kafa masana'anta a Apapa tun shekarun 1920 yana da ma'aikatan takarda. Mai ganga ɗaya shi ne komai.

Mahauta da 'yan goro na Agege sun daɗe da ƙungiyoyinsu. Masu sabulu ma su haɗa kai su kama wuri guda, su nemi lamba da sunan ƙungiya, sai manyan kantuna su karɓi kayansu.