Haƙoran da Suka Fito a Karkace

Duk wanda ya tsaya a bakin wata makarantar firamare a Unguwar Ya, ko a Gwaram, a sa'ad da aka tashi yara, lalle ba zai rasa ganin yarinya 'yar shekara 12 wadda ba ta dariya sai ta sa gefen hijabinta ta rufe baki ba, domin haƙoranta na sama sun turo gaba har leɓe ya kasa rufe su, ko kuwa fiƙarta ta ɓullo can bisa dasashi ta hau kan 'yar'uwarta. Iyaye sukan ce halitta ce, su yi shiru. Alhali kuwa abu ne mai magani, kuma shekarun nan, daga 11 zuwa 14, su ne lokacin da gyaran ya fi sauƙi, saboda an gama famfara amma muƙamuƙi bai gama girma ba.

Wani karkacewar gado ne, wani kuwa mu muke jawo shi. Haƙoran yarinta 20 ne, kowanne yana tsare wa magajinsa wuri. In alewa ta cinye turmin yaro aka cire shi tun lokacinsa bai yi ba, sai maƙwabtansa su matso su cike giɓin, babban haƙori ya zo ya tarar babu masauki. Haka nan tsotsar yatsa, in ta zarce shekarun famfara, takan tura na gaba waje.

Hikimar gyaran abar mamaki ce. Likita yakan manna ƙananan ƙarafa a kan haƙora, ya ratsa su da siririyar waya mai ja a hankali. Ƙashin da ke gefen da ake matsawa sai ya riƙa zagwanyewa, sabo yana tsirowa a baya, har haƙori ya yi tafiya cikin muƙamuƙi ba tare da ya tumɓuke ba. Aikin yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ana komawa ɗaurin waya bayan 'yan makonni.

Akwai masu jin tsoron kada wannan ya shiga cikin canja halittar Allah, kuma tsoronsu yana da asali, tun da hadisi ya la'anci masu goge haƙora don su ƙirƙiri wushirya saboda ado. Amma fukaha'u sun rarrabe tsakanin neman ƙarin ƙawa da gusar da aibi, suna kafa hujja da sahabin nan Arfaja, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Shi ma Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu a 1013, ya yi bayanin ɗaure haƙora da zaren zinariya ko azurfa a littafinsa at-Tasrif. Yaron da ya kasa tauna tuwo da kyau, ko cunkoson haƙora ya hana asuwaki isa lungunansu har suka ruɓe, ina ganin mai larura ne.

Gaskiya ce aikin yana da tsada, ƙwararrunsa kuma kaɗan ne. Mutumin Unguwar Ya zai fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu a duba yaron, in ta kama a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda Jami'ar Bayero take horar da likitocin haƙori. Bayan an cire ƙarafan kuma sai a ba shi wani abin riƙe haƙora da zai riƙa sawa da dare, domin in ya bar shi sukan koma inda suka fito.