Ajo: kiɗan taimako tun kafin na Turawa

Da yawa suna ɗauka kiɗa don tara kuɗin agaji ya fara ne da wasan Live Aid na 1985, wanda aka yi a Landan da Filadelfiya saboda yunwar Habasha. Amma Bahaushen zangon birnin Kwatano, ɗan kasuwar Dantokpa, ya gaji al'adar da ta girmi wannan wasa. A ƙasar Hausa masu gangar noma ke zaburar da 'yan gayya a gonar wanda aiki ya fi ƙarfinsa, kuma ajo taro ne da ake kiran makaɗa, 'yan kalangu ko matan amada irin su marigayiya Barmani Choge, jama'a su yi liƙi don a tallafa wa mai aure ko wanda jarinsa ya karye.

Wasu za su ce wannan biki ne, ba sadaka ba, tunda wanda ya ba ka yau yana jiran ramuwa gobe. Haka ne, amma nan ƙarfinsa yake: mai karɓa bai zama almajirin kowa ba, kuma kuɗin ba ya bi ta hannun wani kwamiti mai nisa. Malaman da ke ƙyamar cakuɗuwar maza da mata a wurin ajo suna da hujja, sai dai tsarin taron ne abin gyara. Shugabannin zango su riƙe ajo, su tsabtace shi.