Ko Ka Sani? Ana Zana Hatsarin Jirgi a Takarda Tun Bai Tashi Ba

Ko ka san cewa kafin a bar sabon samfurin jirgin sama ya ɗauki fasinja, sai injiniyoyi sun zauna sun zana yadda zai iya faɗuwa? Suna rubuta abin da ake gudu a saman takarda, misali birki ya ƙi ci, sannan su riƙa gangarowa suna tambayar me zai jawo haka, har su kai ga ɗan bawul ko waya guda. Zanen kan fito kamar bishiyar da aka kifa, shi ya sa ake ce masa bishiyar matsala. H. A. Watson na ɗakunan binciken Bell ne ya fito da dabarar a 1962, lokacin da rundunar sojan saman Amurka ke son tabbatar da cewa makami mai linzami na Minuteman ba zai tashi bisa kuskure ba. Daga nan Boeing ya karɓa, masu tashoshin nukiliya suka biyo baya.

Duk inda rassa suka haɗu akwai ƙofa, kuma a nan aikin yake. Ƙofar KO tana nufin abu ɗaya ya isa ya kawo ɓarna. Ƙofar DA kuwa sai duka sun lalace tare. Akwai ta uku da ke ƙirga rinjaye, kamar biyu cikin uku.

Ɗauki famfo biyu, kowanne yana iya tsayawa sau ɗaya cikin ɗari. In ka haɗa su da KO, hatsarin ya kusan biyu cikin ɗari. In ka haɗa su da DA, manhajar kwamfuta za ta ninka lambobin ta ba ka ɗaya cikin dubu goma. Famfunan ba su canza ba, ƙofar kawai aka sauya, amma amsar ta bambanta kusan ninki ɗari biyu.

Ni ƙofar DA ce ke tayar mini da hankali, domin lissafinta yana tsayuwa ne kawai idan babu wani abu guda da zai iya kashe famfunan a lokaci ɗaya. Ranar 19 ga Yulin 1989, jirgin United Airlines mai lamba 232, ƙirar DC-10, ya tashi daga Denver zuwa Chicago da mutum 296. Yana da hanyoyi uku na man da ake sarrafa tuƙinsa da shi, kowace da bututunta, kuma an ɗauka rasa su gaba ɗaya abu ne da kusan ba zai yiwu ba, har ba a tanadar wa matuƙa abin yi ba in hakan ta faru. Sai faifan fankar injin wutsiya ya tarwatse, ɓaraguzansa suka lalata bututun ukun, domin duk ta nan kusa suka bi. Man ya tsiyaye. Kyaftin Al Haynes da abokan aikinsa suka koma juya jirgin da ƙara wa injinan fukafukai wuta da ragewa, har suka kai filin jirgin saman Sioux City, inda ya kife. Mutum 184 suka tsira.

Manhaja ba ta san inda bututu ya bi ba, abin da aka shigar mata take lissafawa. Don haka ɗalibin injiniya, kafin ka sa ƙofar DA a zanenka, tashi ka je ka duba da idonka ko na'urorin nan wuta ɗaya suke sha, ko ɗaki ɗaya suke, ko kuwa makaniki ɗaya ne ke gyara su.