Wuta Kafin Kati: Yadda Ake Ƙara wa Kwamfutar Gem Ƙarfi da Ƙaramin Kuɗi a Janfalan da Kewaye

Yawancin bidiyon da ke koyar da haɗa kwamfutar gem a YouTube an ɗauke su ne a ƙasashen da ba a ɗauke wuta, inda kuma idan kaya ya zo da matsala ake mayar wa mai shago ya sauya. Matashin da ke Janfalan a ƙaramar hukumar Ikara, ko Makarfi, ko Hunkuyi ta Kudan, lamarinsa daban ne. Kuɗin da zai kashe wataƙila na rake ne ko masara ko tumatir, waɗanda aka jira wata da watanni kafin su shigo hannu. Manyan kasuwannin kayan lantarki suna Zariya da Kano, kuma galibin abin da aljihunsa zai iya ɗauka na hannu ne, wanda da wuya a karɓe shi idan an riga an fita da shi daga shago. Kuskure ɗaya ya isa ya cinye ribar damina.

Canjin dala ya ƙara tsananta abin. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Babu wani sashe na kwamfuta da ake ƙerawa a gida, don haka kowane kati da kowace ma'adana sun bi dala sun tashi. Shi ya sa masu son barin gem ɗin waya su koma babban allo suka fi karkata ga inganta tsohuwar kwamfuta maimakon sayen sabuwa. A nan ne kuma ake yawan faɗawa rami: sai mutum ya fara da sayen katin hoto mafi ƙarfi da kuɗinsa ya kai, ya dawo gida ya tarar ko dai katin bai shiga kesin ba, ko kwamfutar ba ta da wutar da za ta riƙe shi.

Wane gem ake so a buga?

Tambayar farko ke nan, kuma amsarta ce ke yanke yawan kuɗin da za a kashe. A wannan yanki, kamar ko'ina a Arewa, ƙwallon ƙafa ce sarauniya a gidajen gem. Kamfanin EA ya bayyana cewa mafi ƙarancin abin da EA Sports FC 24, wanda ya fito a Satumbar 2023, yake buƙata shi ne furosesa Core i5-6600K ko Ryzen 5 1600, da ram gigabayit 8, da katin hoto GTX 1050 Ti ko RX 570 mai gigabayit 4, da fili gigabayit 100 a ma'adana. Shi kuwa eFootball na Konami kyauta ne kuma bai kai haka nauyi ba. GTA V, wanda ya iso kwamfuta tun 2015, yana tafiya lafiya a kan na'urorin da suka shekara goma.

Kowane gem yana da irin wannan jerin a shafinsa na Steam, kuma ana iya dubawa da waya kafin a kashe ko sisi. Wanda burinsa ƙwallo da GTA V ne ba shi da dalilin sayen katin da aka yi domin sababbin wasanni masu nauyi. Ya kamata kuma ya sa kuɗin data a lissafi, domin sauke gem mai girman gigabayit goma-goma ta layin waya kashe kuɗi ne mai zaman kansa.

A fara sanin abin da ke cikin kesin

Kwamfutocin tebur na hannu da suka fi yawa a kasuwannin Najeriya tsofaffin na ofis ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka: Dell OptiPlex, HP EliteDesk da ProDesk, da Lenovo ThinkCentre. Suna da ƙarko da arha, amma ba don gem aka ƙera su ba, kuma abubuwa biyu ne ke takaita su.

Na farko girman kesin. Akwai mai faɗi, akwai siriri. Siririn ba ya ɗaukar kati sai gajere, wanda aka rage wa tsawon ƙarfen bayansa. Na biyu akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa fak. A yawancin waɗannan na'urori ƙarfinsa tsakanin wat 180 zuwa 290 ne, ba shi da igiyar da ake jona wa katin hoto, kuma a samfura da dama bakin igiyoyinsa na kamfanin ne kaɗai, ba zai yiwu a cire shi a sa na kasuwa kai tsaye ba. Adadin wat ɗin yana rubuce a jikin takardar da ke manne da shi. Buɗe murfi a karanta wannan lamba, a kuma ɗauki hotonta da waya, shi ne aikin da ya kamata ya riga zuwa kasuwa.

Bayan nan sai a gano inda kwamfutar ke shaƙewa. Idan aka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe ya nuna nauyin da ke kan furosesa da ram da ma'adana da katin hoto yayin da gem ke gudana. Wanda ya cika ya tsaya a wajen kashi 100 alhali sauran na hutawa, shi ne mai buƙatar kuɗin.

Ma'adana da ram: ƙaramin kuɗi, babban sauyi

Idan har yanzu kwamfutar na amfani da tsohuwar ma'adana mai faifai da ke juyawa, SSD ne abin saye na farko. Ba zai ƙara kyan hoto ba, amma zai sa Windows ya tashi cikin daƙiƙoƙi, gem ya buɗe da sauri, a kuma rage tsattsayawar da ake gani idan ana shiga sabon wuri a wasa. Ga mazauna inda wuta ke zuwa ta koma, akwai ƙarin riba: duk mintin da ba a ɓata wajen jiran kwamfuta ta tashi ba, minti ne na wasa. Mai gigabayit 256 zai cika da gem ɗaya ko biyu. Mai 512 ya fi dacewa, tsohuwar ma'adanar kuma a bar ta a ciki domin ajiyar finafinai da hotuna.

Ram kuwa, gigabayit 8 shi ne ƙasa, 16 shi ne kwanciyar hankali. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne guda biyu masu 8 sun fi guda ɗaya mai 16 sauri, domin furosesa na karanta su ta hanyoyi biyu a lokaci guda. Sai kuma a kula da iri: DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, tsagar da ke ƙasansu ma ba wuri ɗaya take ba. OptiPlex 7020 da 9020, alal misali, DDR3 suke ɗauka, 7040 da 7050 kuma DDR4. Na laftof gajere ne, ba ya shiga kwamfutar tebur mai cikakken gurbi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ciro wanda ke ciki a tafi da shi kasuwa.

Katin hoto da lamba 75

Gurbin da ake soka katin hoto a babban allon kwamfuta yana bayar da wutar da ba ta wuce wat 75 ba. Duk katin da ke cin fiye da haka sai an jona masa igiya daga fawa fak. Wannan lamba ce ta raba katunan kasuwa gida biyu.

A gida na farko akwai waɗanda gurbin kaɗai ya ishe su: GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019, kowanne wat 75 da gigabayit 4, sai RX 6400 na 2022 mai cin wat 53, sai RTX 3050 mai gigabayit 6 da ya fito a 2024, mai wat 70, wanda ya fi su duka ƙarfi da tsada. Dukkansu ana samun gajerunsu na siririn kesi. Sai dai a lura da abubuwa uku. Wasu samfuran GTX 1650 suna zuwa da bakin igiya, don haka a duba jikin katin. RX 6400 yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa a tsofaffin kwamfutoci, saboda an ƙera shi domin sabon nau'in gurbi. Sannan Nvidia na ba da shawarar fawa fak mai wat 300 ga GTX 1050 Ti da 1650. Mutane na amfani da su a ƙasa da haka, amma mai wat 180 yana bakin gaɓa.

A gida na biyu akwai RX 580 mai gigabayit 8, wanda ya fito a 2017 kuma ya cika kasuwar kayan hannu. Ya fi GTX 1650 ƙarfi, sau da yawa kuma ya fi shi arha, shi ya sa yake jan ido. Amma yana cin wat 185, kuma AMD na neman fawa fak mai wat 500 dominsa. Wanda ke da kwamfutar ofis, arhar nan za ta ja masa sayen sabon fawa fak, wataƙila har da sabon kesi. Wanda kesinsa babba ne kuma kuɗinsa ya ɗan taɓa, RX 6600 na 2021 ya fi RX 580 ƙarfi nesa ba kusa ba, alhali wat 132 kawai yake ci.

Lissafin batir da janareta

A garuruwan da ke dogara ga Kaduna Electric idan ta kawo, janareta ko sola idan ta ɗauke, bambancin wat kuɗi ne na kullum. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da wat-awa 1,200, kuma idan na ruwa ne, rabin haka ake so a ja don kada ya mutu da wuri, wato wajen 600. Kwamfuta mai katin wat 75 tare da monita tana jan kimanin wat 150 a lokacin wasa, ke nan kusan awa huɗu kafin a cire abin da inbata ke ci. Irin wannan kwamfuta da RX 580 za ta doshi wat 300, wasan ya dawo awa biyu. A janareta ma haka abin yake, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san abin da lita ke nufi. Ga mai niyyar buɗe gidan gem da kwamfuta uku ko huɗu, wannan lissafi ne zai nuna ko sana'ar za ta riƙe kanta.

Wutar da ke zuwa ba ƙarfi, ko ta dawo da fizga, ita ce ke kashe fawa fak, shi kuma idan maras inganci ne yakan tafi da babban allo da katin hoto. Saboda haka sitabilaiza ko UPS wani ɓangare ne na kasafin, a ware kuɗinsa tun kafin a taya kati.

A kasuwa: ido da gwaji

Ko a PZ ta Zariya ne, ko Farm Centre da titin Beirut a Kano, ko saƙo aka yi daga Computer Village ta Ikeja, ƙa'ida ɗaya ce: kada kuɗi ya fita sai an ga kayan yana aiki. Akwai jabun GTX 1050 Ti da suka daɗe suna yawo a duniya, tsofaffin katuna ne irin su GTS 450 da aka sauya wa suna a cikin manhajarsu. Manhajar GPU-Z kyauta ce, kuma tana tona asirin da yawa daga cikinsu. Akwai kuma GT 710 da GT 730, waɗanda ake tallata su da yawan gigabayit alhali ba su da ƙarfin gem na zamani. GT 1030 ma iri biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun ya gaza na farkon sosai duk da sunan ɗaya ne.

Katunan RX 570 da 580 da yawa sun fito ne daga wuraren haƙar kirifto, musamman bayan 15 ga Satumbar 2022, ranar da Ethereum ta daina amfani da katin hoto wajen haƙa. Ba duka ne suka lalace ba, amma sun yi aiki dare da rana, fankokinsu sun gaji. A sa mai shago ya kunna FurMark ko gem mai nauyi na minti 15, a kalli allo ko za a ga ɗigo-ɗigo ko layuka, a saurari ƙarar fanka. SSD na hannu kuma a duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo. A nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin kayan da adadin kwanakin gwaji. Mai kayan kirki ba ya gudun wannan.

Ƙurar hunturu da zafin bazara

Akwai ingantawar da kusan kyauta ce. Ƙurar hunturu na toshe fanka da raga, zafin Maris da Afrilu kuma ya zo ya tarar da kwamfutar ba ta numfashi. Idan furosesa ko kati ya yi zafi da yawa, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, sai mai shi ya ɗauka tsufa ne. A ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a hure ƙurar lokaci-lokaci, a sauya man da ake shafa wa furosesa idan ya bushe. Wani lokaci wannan kaɗai ke dawo da saurin da ake shirin biyan dubbai a kansa.

Inda ya kamata a tsaya

Ba kowace kwamfuta ce ta cancanci a ci gaba da zuba mata kuɗi ba. Microsoft ya daina tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance yana karɓar furosesar Intel ce daga zubi na 8 zuwa sama. Wanda bai riga ya sayi kwamfuta ba, ya nemi mai Core i5-8500, irin OptiPlex 7060: ƙwaƙwalwa shida gare ta, maimakon huɗu na i5-6500 da i5-7500. Wanda kuma yake da tsohuwa mai DDR3, ya tsaya a SSD da kati mai wat 75, domin su biyun za su bi shi zuwa sabuwar kwamfuta duk ranar da ya samu hali, ram ɗin kuwa ba zai bi shi ba.

Ba dole ne a sayi komai rana ɗaya ba. SSD da sitabilaiza bana, ram bayan an sayar da amfanin gona, katin hoto idan kasuwar rake ta buɗe. Kafin kowace tafiya Zariya ko Kano, hoton takardar fawa fak da lambar samfurin kwamfutar su kasance a cikin waya.