Lauyan da ke Tsaron Sunan Kaya da Irin Shuka

'Yan'uwa manoma, kwanakin baya muka raka shugabannin wata ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa zuwa birnin Kano. A wani kanti wajen Ƙofar Mazugal, ba nisa da kwata, muka tarar da abin da ya kawo mu: galan-galan na mai, an manna musu takarda mai hoton zakara da launi irin na ƙungiyar sak, amma man da ke ciki gauraye ne. Shekara shida matan nan suna gina sunansu, ga shi masu saye sun fara cewa man zakara ya lalace. Shugabarsu ta ɗaga galan ɗaya, ta sansana, ta ajiye, ba ta ce uffan ba.

Lauyan da muka fara zuwa wurinsa, na shari'ar gonaki da gado ne. Ya ce wannan ba layinsa ba ne, ya aike mu wurin wani. Ran nan muka sani ashe akwai lauyoyin da aikinsu duka shi ne tsaron abin da mutum ya ƙago da basirarsa, watau tambarin kaya, da sabuwar na'ura, da zanen atamfa, da littafi, da sabon irin shuka.

Karatunsu ɗaya ne da na sauran lauyoyi. Shekara 5 a jami'a, kamar Bayero ta Kano ko Ahmadu Bello ta Zariya, sa'an nan shekara guda a Makarantar Horon Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda. Bayan haka ne mutum yakan zaɓi wannan fanni ya ƙware a ciki. Yawancin aikinsa kuwa a kan tebur ne, ba gaban alƙali ba: bincike, da rubutu, da lura da ranakun da takardu za su mutu.

Tambayarsa ta fari ita ce, ko an yi wa zakaran rajista? Matan suka fito da takardar shaidar ƙungiyar gama kai. Ya girgiza kai. Ashe rajistar ƙungiya daban, rajistar tambari daban, mu ma da muke malaman gona ba mu san haka ba sai ran nan. Ofishin rajistar tambari yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya. Lauya yakan fara duba littattafansu, ko wani ya riga ya kama wannan suna. In babu, sai ya shigar da roƙo a rukunin da ya dace, gama kaya rukuni-rukuni ne: man girki yana na 29, zuma na 30, irin shuka na 31. Idan an karɓa, a buga a mujallar ofishin, a ba mai ƙorafi wata 2. In ba wanda ya tsaya, a ba da takarda ta shekara 7, daga nan a riƙa sabuntawa kowace shekara 14. Mai wannan takarda yana iya kai mai kwaikwayo Babbar Kotun Tarayya. Wanda ba shi da ita ma yana iya ƙara, amma tilas ya tara shaidu cewa jama'a sun daɗe da sanin kayansa da wannan alama, hanya ce mai tsawo da cin kuɗi.

Ga mai ƙirƙiro na'ura kuma, misali maƙerin da ya fito da sabuwar dabara ta ɓare gyaɗa, dokar 1970 ta ba shi shekara 20 ba mai ƙera irinta sai da izninsa. Amma lalle ya je wurin lauya tun bai baje ta a kasuwa ba, gama abin da kowa ya riga ya gani ba sabo ba ne a idon doka.

Inda zancen ya fi shafarmu shi ne wajen iri. Waɗansunku sun san Galmi ta ƙasar Nijar saboda asibitin mishan, amma 'yan kasuwa da albasa suka san ta. Manoman wurin ne, kaka da kakanni, suka yi ta zaɓen iri har albasar Galmi ta yi suna a Afirka ta Yamma. A 2006 wani kamfanin iri na Senegal, Tropicasem, ya nemi hukumar OAPI ta ba shi mallakar wannan iri da sunansa. Hukumar nan tana Yawunde, ita ke riƙe da irin wannan rajista domin ƙasashe 17, har da Nijar, amma ban da Nijeriya. Da labari ya fito, manoma da gwamnatin Nijar suka ƙi yarda, kamfanin bai sami sunan ba, sai ya koma ya nema da wani suna dabam. A 2023 aka miƙa wa Nijar takardun da suka tabbatar cewa sunan albasar Galmi da na kilishin Nijar na mutanen wurin ne, aka kuma yi wa fatar jan akuyar Maraɗi tambari na gamayya. Mu da muka ga fatu jibge a bakin kwata a Ƙofar Mazugal, sai muka tuna cewa fatar ƙasar Hausa ta daɗe ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko, don kawai ta can ayari ya bi da ita.

Haka kuma darbejiya, wadda muke jiƙa 'ya'yanta mu fesa wa wake. A 1994 ofishin Turai ya ba wani kamfanin Amurka, W. R. Grace, mallakar wata hanyar yin maganin feshi da manta. Aka kawo shaida cewa a Indiya an riga an san wannan dabara, aka soke takardar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Shaidar abin da aka saba yi ita ta ci shari'ar.

A Nijeriya an sa hannu a dokar kare sabon irin shuka a 2021. Wanda ya fito da iri sabo, mai bambanci da sauran, wanda ba ya rikiɗa, yana samun shekara 20, na itatuwa kuwa 25. Waɗansu ƙungiyoyi sun yi kuka cewa dokar ta fi kula da kamfanoni bisa ƙaramin manomi. A ganinmu kukan abin saurare ne. Domin wannan muna roƙon kowane magatakarda ya buɗe littafi, ya rubuta sunan kowace dawa da gero da wake na gado da ke hannun membobi, da kamanninsu, da ƙauyen da ake noma su, da kwanan wata, mai unguwa ya sa hannu. Kada kuma ku ba baƙo iri, ko ku sa hannu a yarjejeniyar noman iri, sai wanda ya san doka ya karanta muku ita.

Matan man gyaɗa dai sun yi karo-karo sun shigar da roƙonsu. Lauyan ya hana su sa "Man Gyaɗa Mai Kyau" kaɗai, ya ce wannan magana ce ta kowa, ba a yi mata rajista. Zakaran ne aka shigar, tare da sunan ƙungiya. Ya kuma ce su adana tsofaffin rasit da galan biyu na jabun, ba a buɗe ba. Suna nan a ɗakin ma'aji, ana jiran fitowar mujalla.